Zauren Marubuta: Ɗan Zango da Labarin Leƙen Asiri

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga masu fara rubuta ƙagaggen labari na leƙen asiri, uku daga Kumasi, ɗaya daga Ankara, fadar gwamnatin Gana. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai gyaran waya a Adum, ina zaune a Aboabo. Tun ina sakandare nake karanta labaran 'yan leƙen asiri na Turawa, yanzu kuma na fara rubuta nawa da Hausa, inda ake aika jarumina Landan da Mosko don ya ƙwato wasu takardu. Da na karanta wa abokaina a majalisarmu ta ataya, sai ɗaya daga cikinsu ya ce, ni da ban taɓa wuce Paga da ke iyakarmu ta arewa ba, ban kuma taɓa aiki da hukumar tsaro ba, me na sani? Maganar ta tsaya mini a rai har na ajiye rubutun. Shin sai wanda ya yi aikin ne zai iya rubuta shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ɗauko takardunka daga inda ka ajiye su, domin maganar abokinka ba ta kai ta raba ka da alƙalami ba, ko da yake akwai abin dubawa a cikinta. Gaskiya ne wasu mashahuran marubutan wannan fanni sun taɓa aikin: John le Carré ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Ingila na ciki da na waje kafin ya koma rubutu kacokan, Graham Greene kuma a nan yankinmu, a Firitawun ta Saliyo, ya yi wa Ingila irin wannan aiki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma Eric Ambler, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa fannin a siffarsa ta zamani, tallace-tallace yake rubuta wa kamfanoni sa'ad da ya fara fitar da littattafansa a shekarun 1930. Su ma waɗanda suka yi aikin, dokar ƙasarsu ba ta bar su sun zuba sirrin ofis a littafi ba. Abin da suka zo da shi shi ne sanin halin mutumin da ke cin abinci da kai alhali yana auna maganarka don ya kai ta gaba.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne batun Landan da Mosko. Duk abin da za ka rubuta a kansu aro ne daga fina-finai da littattafan wasu, kuma mai karatu yakan gane aro ko da bai iya faɗin abin da ya gani ba. Abin da ke damuna da matasanmu na zango shi ne yadda suke tsallake abin da ke ƙofar gidansu, alhali kuwa ba na jin akwai wurin da ya fi zango dacewa da irin wannan labari a duk ƙasar nan.

Ka duba yadda aka gina zango tun zamanin fataucin goro. Baƙo ya taso daga Sakkwato ko Yamai ko Bawku, ya sauka a gidan mai gida, mai gida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice, ya kuma kai shi gaban sarkin zango idan magana ta taso. Saboda haka mai gida ya san wanda ya zo, da abin da ya zo da shi, da wanda ya gana da shi bayan sallar isha, da ranar da zai kama hanya. Duk wanda ke mulkin ƙasa, Bature ne ko ɗan ƙasa, farar hula ne ko soja, yana so ya san abin da mai gida ya sani, mai gida kuwa darajarsa duka tana kan riƙon amanar baƙonsa. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu labarinka yake, domin labarin leƙen asiri mai ratsa zuciya a kan amana yake tafiya: wa aka ba, wa ya riƙe, wa ya ci, kuma me ya kai shi ga ci.

Tarihi ma bai bar ka hannu rabbana ba. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, tare da Alhaji Othman Larden Lalemie zuwa Najeriya, dukansu jiga-jigan jam'iyyar Musulmi mai adawa da gwamnati. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, wadda ta kashe shari'ar. Tarihi ya adana sunayen manyan, amma bai ce komai ba game da yaron gida mai zuba ruwan alwala, wanda yake jin duk abin da ake faɗa a zaure, kuma wata rana wani mai fararen kaya ya tare shi a hanyar kasuwa ya ce yana so su gaisa. Wannan yaro naka ne, kai za ka ƙirƙiro shi, ba ka kuma buƙatar izinin kowa.

Wanda na fi so matasanmu su waiwaya shi ne al'amarin jam'iyyar Sawaba ta Nijar, domin da Hausa da Zabarmanci aka yi shi, kuma wani sashe nasa a ƙasar nan ya gudana. An haramta jam'iyyar a 1959, jagoranta Djibo Bakary ya yi gudun hijira, ya kuma zauna a Ankara a ƙarƙashin inuwar Nkrumah. An horar da mayaƙanta a ƙasashe da dama, har da Gana da Aljeriya da Sin, suka kutsa Nijar a ƙarshen 1964, aka murƙushe su, sannan a Afrilun 1965 aka jefa wa Shugaba Hamani Diori gurneti a filin idin Babbar Sallah a Yamai, ya tsira. Rikicin ya kai ga Nijar da ƙawayenta irin su Kwaddibuwa suka ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka yi a Ankara a Oktoban wannan shekara. To, ka tuna a lokacin zangunan Kumasi da Ankara cike suke da 'yan ci-rani daga Nijar, masu dako da masu tireda da masu sayar da dabbobi. Ka zaunar da mutum biyu 'yan gari ɗaya a ɗaki ɗaya a Sabon Zango, ɗaya yana tara wa 'yan gudun hijira kuɗi, ɗaya yana aika sunaye gida domin an riƙe ƙaninsa a can, kuma kowannensu yana ƙaunar ɗan'uwansa da gaske. Idan ka iya rubuta daren da ɗaya ya fara zargin ɗaya, ba ka buƙatar ko harsashi guda a littafin.

Akwai kuma 18 ga Nuwamban 1969, ranar da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka tashi, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma har yau akwai tsofaffi a Aboabo da ke tuna wanda ya ɓoye maƙwabcinsa da wanda ya nuna ƙofarsa. Idan kuma manyan ƙasashe kake so a labarinka, su ma sun zo har gida. Juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966, wanda aka yi Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, Kanar Kotoka da ya jagorance shi a nan Kumasi yake riƙe da runduna, kuma takardun da gwamnatin Amurka ta saki daga baya sun nuna jami'anta suna da labarin ana ƙulla shi tun 1965. A 1985 kuma aka gano cewa wata ma'aikaciyar hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA a ofishin jakadancin Amurka da ke Ankara, Sharon Scranage, ta miƙa wa masoyinta Michael Soussoudis, ɗan'uwan Shugaba Rawlings, sunayen 'yan Gana da ke yi wa hukumar aiki. Aka kama su biyun a Amurka, daga baya aka yi musayarsa da wasu 'yan Gana da aka tsare a nan.

Ban gama da kai ba sai na taɓo sana'arka, domin na ga alamar kana raina ta. Mutum yakan miƙa maka wayarsa da lambar buɗe ta, ya tafi sallah ya bar ka da saƙonninsa da hotunansa da lissafin kuɗinsa, abin da ko matarsa bai nuna wa ba. Mai gyaran waya a yau yana zaune a kujerar mai gidan da na ambata. Ka sa jaruminka ya zama mai irin wannan rumfa, wanda wani jami'i mai fara'a ya fara kawo masa aiki yana biya fiye da ƙima, har ranar da ya ce lamba ɗaya kawai yake so a duba masa. Sai dai ina gargaɗinka da babbar murya: abin da idonka ya gani a wayar mai kawo maka gyara amana ce, ba ya shiga littafi ko da an canza suna.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Asawase. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya ba mu labarin yadda aka tsare shi ba tare da shari'a ba a zamanin Nkrumah, kuma ya rasu yana zargin wani maƙwabci da kai sunansa. Jikokin mutumin suna nan a layinmu, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Ina so in gina littafina a kan wannan labari, amma ina tsoron hukuma, ina kuma tsoron unguwa. Zan iya ambaton hukumar tsaro da sunanta? Kuma ina zan samo bayanin wancan zamani?

Amsa: Malama, Allah ya gafarta wa kakanki. Bari in fara da hukuma, don ita ce mai sauƙi. Abin da ya faru da shi yana da suna a tarihi: dokar tsare mutum ba tare da gurfanarwa ba ta 1958, wadda ta ba da damar a riƙe mutum har shekara biyar, kuma a ƙarƙashinta jigon 'yan adawa J. B. Danquah ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. Rubutu a kan wannan ba laifi ba ne, a makarantu ma ana koyar da shi. Ambaton hukuma da sunanta shi ma ba laifi ba ne, sai dai ki kula da zamani: a lokacin kakanki sashen 'yan sandan ciki ne ke wannan aiki, hukumar leƙen asirin cikin gida ta BNI daga baya ta zo a zamanin Rawlings, a 2020 kuma aka mai da ita NIB. An soke dokar da ke ɗaure mutum saboda ɓata suna a 2001, amma wanda kika ɓata wa suna yana iya maka ki a kotu ya nemi diyya, kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan. Saboda haka idan wani mai aikin gwamnati ya ce zai ba ki takardar sirri don littafinki ya yi armashi, ki gode masa ki ƙi karɓa. Idan rubutun ya kammala kuma yana taɓa wani mai rai, ki nuna wa lauya kafin ki kai maɗaba'a.

Tsoronki na biyu shi ne wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Kakanki zargi ya yi, wataƙila daidai ne, wataƙila kuma wanda ya kai sunansa wani ne daga cikin gida, ko kuwa maƙwabcin an matsa masa ne da abin da ba ku sani ba. Mutumin ba ya nan balle ya kare kansa, jikokinsa kuwa ba su ci ba ba su sha ba. Canza suna kaɗai ba zai wadatar ba a unguwar da kowa ya san gidan kowa: idan kika ce tela ne mai ɗingishi da ke kusa da masallaci, kin faɗi sunansa. Ki canza sana'a da ƙabila da unguwa, ki haɗa halayen mutum uku ki yi mutum ɗaya, har sai ya zama ke kanki kin daina ganin fuskar maƙwabcinku idan kina rubuta shi. Za ki tarar wannan ya gyara littafin, domin muddin kina rubutu don ki rama wa kakanki, mugu za ki zana, mugu tsantsa kuwa ba ya riƙe mai karatu. Ranar da kika zauna kika rubuta babi guda daga bakin mai kai rahoton, kika ba shi dalilin da ke kanki za ki yi shiru a gabansa, ranar littafin ya fara numfashi.

Game da bincike, ki fara da rahoton Hukumar Sasanta 'Yan Ƙasa, wadda aka kafa a 2002 ta kuma miƙa rahotonta a 2004, bayan ta saurari mutanen da aka zalunta tsakanin 1957 da 1993. A ciki za ki ji yadda ake zuwa ɗaukar mutum, da abin da ake ce wa iyalinsa, da yadda dukiyarsa ke salwanta yana tsare. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa tana da reshe a Kumasi, akwai kuma ta fadar Manhyia, sannan ki nemi tsofaffin jaridu, musamman Ashanti Pioneer da ake bugawa a nan garin, wadda ta yi adawa da gwamnatin wancan lokaci. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 tana da amfani, amma ta ware abin da ya shafi tsaron ƙasa, don haka kada ki dogara da ita a wannan fanni.

Ƙananan abubuwa su ke tona marubuci. Kafin 1965 da fam da sule ake ciniki, ba da sidi ba. Har zuwa Agustan 1974 ta hannun hagu motoci ke bi a Gana. Burkina Faso ba ta sami wannan suna ba sai 1984, filin jirgin saman Ankara kuma ba zai ɗauki sunan Kotoka a labarin 1964 ba, tunda mai sunan yana raye har 1967. Wanda zai gudu arewa ta tsohuwar hanya sai ya bi Mampong da Atebubu ya jira jirgin fito a Yeji kafin ya kama hanyar Salaga, kuma wannan jira a bakin ruwa, inda ba gaba ba baya, ya ishe ki babi guda. Irin waɗannan bayanai a bakin tsofaffi suka fi yawa. Ki je musu da goronki tare da wanda suka sani, kada ki kunna na'urar ɗaukar magana sai da izini, kuma kada ki fara da siyasa. Ki tambayi Hajiya nawa ake sayar da kwanon shinkafa a shekarar da aka yi aurenta, da irin motar da ta kawo ta Kumasi. Sauran maganar da kanta za ta zo, idan ta ga dama.

Tambaya: Malam, daga Nima nake rubuto maka. Ina aikin gadi da dare, ina da mata da 'ya'ya biyu, a bakin aiki nake rubutu a waya. Mahaifina ya ce ƙarya nake tarawa, kuma Alƙur'ani ya hana bin diddigin asirin mutane. Abokaina kuma sun ce in koma Turanci idan ina son kuɗi. Shin wannan rubutu zai taɓa ciyar da ni?

Amsa: Ɗan'uwa, ba zan yaudare ka ba: kada ka bar aikinka. Littafin farko da wuya ya mai da kuɗin buga shi, kuma mafi yawan marubutan da ka ji sunansu, a nan da waje, da wata sana'a suka riƙe gida shekaru masu yawa. Abin da za ka nema yanzu shi ne lokaci tsayayye, ko da rabin sa'a ne, wanda ba ya cin haƙƙin mai aikin da ya ba ka gadi, ba ya kuma cin haƙƙin iyalinka. Shafi ɗaya kullum ya fi shafi ashirin a dare ɗaya sannan wata biyu shiru, musamman a wannan fanni da zaren labari ke da yawa, wanda idan ka daɗe ba ka taɓa shi ba sai ka manta wa ya san me. Ka sami littafin rubutu na takarda ka riƙa lissafa, babi bayan babi, abin da kowane mutum a labarin ya sani da abin da yake zaton ya sani. Kuma tunda a waya kake rubutu, ka riƙa aika wa kanka kwafi ta imel duk ranar da ka ƙara wani abu, don waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta.

Maganar Baba ba abar wasa ba ce, kada ka yi masa gardama. Ayar da yake nufi tana cikin Suratul Hujurat, aya ta 12, inda aka hana zato da binciken asirin juna da gulma. Hukuncin ƙagaggen labari malamai za ka tambaya, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da zan iya faɗa a matsayina na mai karatu shi ne, labarin leƙen asiri na ƙwarai yana nuna irin ɓarnar da wannan ɗabi'a ke yi: yadda take raba aminai, ta sa miji ya kasa sakin jiki da matarsa, ta bar mai yin ta cikin kaɗaici ko da ya yi nasara. Ka zaɓi babin da ya fi nuna haka ka karanta wa Baba cikin ladabi, ka kuma gaya masa tun farko cewa mutanen ciki ƙirƙirarsu ka yi, ba wanda kake yi wa ƙazafi.

Batun harshe kuwa, ra'ayina a fili yake: ka rubuta da harshen da mutanen labarinka ke rantsuwa da shi. Rubutu da Hausa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934, da Larabci da Hausa ya rubuta abin da idonsa ya gani na zuwan Nasara. Matsalar da za ka fuskanta ta gaske ita ce Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ke ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu, don haka dubban masu jin ta a Nima da Madina da Asawase ba su saba karanta ta da boko ba. Maganin wannan shi ne murya. Ka karanta babi-babi ka ɗauka, ka nemi masu shirin Hausa a gidajen rediyo, ka kuma tuna akwai miliyoyin masu karatu a Najeriya da Nijar da suka saba sayen labari ta waya. Za su so su ji Hausar zango a bakin mutanenka, da Tonanci, wato Twi, da ke faɗowa a cikinta, muddin bayanin marubuci ya tsaya a kan daidaitacciyar Hausa. Fassara zuwa Turanci tana iya biyo baya.

Kafin ka saki komai, ka sani dokar haƙƙin mallaka ta 2005 tana kare aikinka tun daga lokacin da ka rubuta shi, yin rajista a ofishin haƙƙin mallaka kuma yana ƙarfafa hujjarka idan rigima ta taso. Amma doka ba za ta hana a yaɗa cikakken littafinka a WhatsApp cikin yini ɗaya ba, saboda haka kada ka tura wa kowa shi gaba ɗaya don neman yabo. Ka saki babi biyu ko uku kyauta, sauran a biya ta kuɗin waya, kuma duk mawallafin da ya nemi ka sa hannu a takarda, ka duba shekara nawa yake karɓar haƙƙin, da ko ya haɗa da fim da murya.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tafo. Duk wanda na ba labarina yakan gane maci amanar tun a babi na uku. Yaya zan ɓoye shi?

Amsa: Ɗana, ina kyautata zaton kana ƙin mutumin nan, shi ya sa kake ba shi jajayen idanu da murmushin mugunta, kana kuma sa shi ya yi shiru duk inda ake maganar gaskiya. Mai karatu yana bin zuciyar marubuci, inda ka ɗaure fuska nan zai duba. Ka ba maci amanar aikin alheri na gaske a farkon littafi, ya zama shi ne ya biya kuɗin asibitin mahaifiyar jarumi, kuma ya yi hakan da zuciya ɗaya. Sannan ka ba wasu mutum biyu abin da suke ɓoyewa wanda bai shafi leƙen asiri ba, ɗaya bashi, ɗaya auren da iyalinsa ba su sani ba, don zargi ya sami inda zai sauka. Amma kada ka yi wa mai karatu ƙarya: duk alamar da za ta tona shi a ƙarshe dole ta kasance ta bayyana tun farko, a wurin da hankali ke kan wani abu dabam, kamar ya ambaci sunan garin da baƙo ya fito alhali ba a gaya masa ba.

Akwai kuma wata hanya da nake so ka gwada kafin ka yanke shawara. Ka sake rubuta babi na farko ka gaya wa mai karatu ko wane ne maci amanar a shafin farko, ka bar jarumi shi kaɗai cikin duhu, yana kai masa sirrinsa yana neman shawararsa. Ka ba mutum biyu da ba su san juna ba tsohon babin da sabon, ka tambaye su wanne ne ya sa suka nemi babi na biyu, sannan ka rubuto mana abin da suka ce.